Umara Wanzami da Fuskokin da Yaƙi Ya Kwashe

Da sunan Allah, wanda ya halicci fuskoki bai yi biyu iri ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

Duk wanda ya saba bi ta gindin tsamiyar nan ta gabas da kasuwar Haɗejiya da hantsi ya san Umara wanzami. Kafin rana ta ɗaga ya riga ya shimfiɗa buzunsa, ya jingina zabirarsa da saiwar itacen, ya zuba ruwa a 'yar ƙwarya, yana wasa aska yana gaida duk wanda ya gifta da "Wushe, wushe!" irin ta iyayensa Barebari. In ka zauna a gabansa kuwa ka shiga uku, domin Umara ba ya aski shiru. Zai ba ka labarin kakanka, ya faɗa maka abin da matarka ta dafa jiya, ya gyara maka karatun da shi kansa bai yi ba. Kai kuma ba dama ka yi gardama, aska na kan maƙogwaronka. Shekara goma sha huɗu ina miƙa masa kaina duk Alhamis, ban taɓa cin sa a musu ba ko sau ɗaya.

Juma'ar da ta wuce ya naɗe zabirarsa. Hannu ya fara rawa, ido ya fara hazo, shi kuma ya ce ba zai bari a riƙa tunawa da shi da yanke kunnuwan mutane ba. Ni Abdulwahid, mai rubuta wa alƙali, na ga bai kamata mutum irin wannan ya ajiye aska a yi shiru ba. Mawaƙa suna nan suna yi wa masu dawaki kirari, ba su bar mini aiki a can ba. Ni wanzami zan yaba, kuma abin da zan faɗa ko dai na gani da idona, ko wanda ya gani ne ya gaya mini.

Umara ba ɗan cikin birni ba ne. A wani ƙauye aka haife shi kusa da Guri, irin ƙauyukan nan na kan tudu da ruwa ke kewayewa in damina ta yi nisa. Shekara talatin yana yawo da zabira tsakanin ƙauyukan fadama. Ranar suna shi ke yi wa jariri aski, ya yi masa tsagar gidansu a kumatu, ya shafa baƙin tukunya don ta fito. To, Umara bahago ne. Da farko mutane ba su so hakan ba, har akwai tsofaffin da ke cewa ba za a taɓa musu jika da hannun hagu ba. Amma da yake hannunsa ba nauyi, kuma ciwonsa ba ya ruruwa, sai aka haƙura. Abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin shi ne, tsagar bahago daban take kwanciya. Takan karkata ta inda ta sauran wanzamai ba ta karkata.

Sai yaƙin nan ya zo, wanda har yau bai tafi ba. Ba zan kama sunan garin da maharan suka fito ba, mu dai ce mutanen ƙetare. Musulmi ne kamar mu, alƙiblarmu ɗaya, da can ma auratayya muke yi. Lokacin yankan shinkafa suka faɗo wa ƙauyen su Umara da rana tsaka, maza na fadama. Hanyar tsira ɗaya ce, wani mashigi inda ruwa ke tsayawa iya ƙugu. Maza goma sha bakwai suka tsaya a bakin mashigin nan don mata da yara su haye. Ba mayaƙa ba ne. Manoma ne da masunta, wani da lauje, wani da mashin kifi. Tun azahar suke tsaye har la'asar sakaliya, kuma biyar ne kawai suka fita da rai. Cikin waɗanda suka kwanta akwai Mala, ɗan Umara na fari, wanda bai fi wata uku da aure ba. Yau a unguwar da 'yan gudun hijirar suka zauna akwai samari masu tasowa da aka goyo a baya aka haye da su ranar nan. Ina so su san cewa da jinin mutane aka sayi hayewarsu.

Umara yana tsallake a ranar, jini har gwiwar hannu, yana zaro kibau daga jikin mutane yana kafa ƙaho yana zuƙe dafi. Sai da ƙura ta lafa aka ƙirga yara, aka ga babu 'yarsa Gumsu, mai shekara shida. Ba a ga gawarta ba. Wata mata ta ce ta hango ta a gaban sirdin wani mahari.

Haka ya shigo Haɗejiya, da zabira da mata mai kuka. Matar ba ta daɗe ba ta rasu. Shi kuwa ya ɗauki wata ɗabi'a da mutane suka fara ɗauka taɓuwa ce. Duk ranar kasuwa sai ya bar buzunsa ya tafi inda ake zaunar da bayi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa fuskokinsu. In fatake sun sauka a zango, yana can. Ya je Miga a ƙafa, ya je kasuwannin arewa, ya dawo da faso a dugadugai. 'Yarsa yake nema, kowa ya sani. Amma abin da ya riƙa samowa shi ne 'ya'yan wasu.

Na farko ina zaune aka kawo shi gaban alƙali. Wani saurayi ne da aka sayar hannu uku, har ya manta sunan ƙauyensu. Umara ya riƙo shi a wuyan hannu, mai shi na biye yana kumfar baki.

Umara ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, wannan ɗa ne, ba bawa ba. Ɗan Fannami masunci ne. Ni na yi masa wannan tsagar ranar sunansa, uwarsa ma ta ba ni fura ta yi tsami."

Alƙali ya ce, "Wanzamai nawa ne a ƙasar nan? Ta yaya ka san taka ce?"

Umara ya waiwayo ya nuna ni da haɓa. "Shi wancan malamin naka, in an kawo masa takardu goma, ba zai ware wadda ya rubuta ba? To nima rubutuna ke nan. A kira kowane wanzami ya duba, in ya ce hannun dama ne ya yi wannan, a karya mini aska."

Aka kira wanzamai biyu, suka duba, suka ce lallai aikin bahago ne. Aka nemo wani ɗan ƙauyen ya zama shaida na biyu. Kafin la'asar na rubuta da hannuna cewa yaron ɗa ne, ɗan Musulmi, bauta ba ta hau kansa ba. Ranar da uwarsa ta zo, faɗuwa ta yi a ƙofar zaure, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Daga nan sai abin ya zama aiki. A shekara goma sha biyu na rubuta irin wannan takarda sau arba'in da uku, duk da bakin Umara. An zage shi, an taɓa fasa masa kai a zango, wasu manya sun daina kai masa aski. Bai fasa ba. Bahago mai gyara ɓarnar na dama! Kai ne ka mayar wa gwauraye da 'ya'yansu, Umara. Kai ne ka riƙa raka yaran mutane har ƙofar gidajensu, ka tsaya ana guɗa, sannan ka juya ka koma ɗakin da ba kowa a ciki. Na sha ganinka kana dawowa daga irin wannan rakiya kana yi wa mutane barkwanci a hanya, na kuma san abin da ke cinka. Ban taɓa jin ka ce don me ba taka ba.

Bara waccan, wato damina biyu da suka wuce, wani bafatake ya sauka a zango, ruwa ya tsare shi. Cikin kuyanginsa akwai wata budurwa doguwa mai ɗebo masa ruwa. Umara ya hango ta daga baya ɗauke da tulu, ya ce tafiyar marigayiya matarsa ce sak. Da ta juyo ya ga kumatunta, sai ya zauna a ƙasa. Ita ba ta gane shi ba. An canja mata suna, harshenta ma ya koma na wata ƙasa. Abin da ta iya tunawa kawai shi ne ruwa, da ihu, da wani gida mai warin sabulun aski.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, tunda wanda ya ceci arba'in da uku ai tasa ba za ta gagara ba. Sai ga shi a nan ne ta gagara. Wanzaman ƙasar nan suna da al'ada, ba sa sa wa ɗan cikinsu aska, suna cewa hannun uba ba ya tsayawa. Aboki ake kira. Don haka tsagar da ke fuskar Gumsu ba ta Umara ba ce, ta hannun dama ce. Alƙali kuma, ko da yake idonsa ya ciko, ya faɗa masa gaskiya.

"Umara, ka san shari'a ba ta karɓar shaidar uba a kan 'yarsa. Ga maƙwabcinku ɗaya ya shaida, na karɓa. Saura ɗaya. Wa ya yi mata tsagar?"

Umara ya ce, "Shu'ibu ne, Allah ya gafarta malam. Tare muka koyi aski a hannun mutum ɗaya."

"Yana ina?"

"Yana ƙetare."

Ƙetare dai garin maharan ne, kuma a watan nan ma an yi arangama. Bafataken ba mugun mutum ba ne, amma ya ce shi da halalinsa ya saye ta, kuma da zarar ruwa ya janye hanya ta buɗe zai yi arewa da ita. Alƙali ya ce ya ba Umara zuwa janyewar ruwa. Duk wanda ya san kogin nan ya san kwana ashirin ke nan, in an yi sa'a.

A nan dole in tona wa Umara asiri. Mutumin nan da aka haifa a tsakiyar fadama bai iya ruwa ba. Tsoronsa yake kamar akuya. Gambo masunci, wanda ya yarda ya haye da shi, har yau in ya tuna sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a kan ƙaton goran nan da masunta ke hawa ya kifa shi, zabira ɗaure a ka, tsoho ya rungume gora ya runtse ido yana karanto duk surar da ya sani, har da waɗanda bai sani ba. Kwana biyu suna ratsa fadama daga tudu zuwa tudu. Da suka iso gaɓar ƙetare, 'yan baka suka taso musu. Gambo ya ce shi dai ya yi kalmar shahada. Umara kuwa ya ɗaga zabirarsa sama ya ce, "Wanzami ne! In kun harbe ni, wa zai cire muku kibiya ranar da aka harbe ku?" Suka dubi juna, suka sa su a gaba har ƙofar gidan Shu'ibu.

Gambo ya ce da Shu'ibu ya fito ya ga ko wane ne, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "Bahago, ashe kana da rai?"

"Ina da sauransa. Kai ma ka tsufa, Shu'ibu, ka yi muni."

Suka zauna. Umara ya faɗi abin da ya kawo shi. Shu'ibu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka san Abubakar ɗana?"

"Ni na yi masa tsaga, yaya ba zan san shi ba?"

"An tilasta masa bin maharan nan ranar mashigi. Bai dawo ba. Mashin kifi aka ce."

Umara ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Mala ma a nan ya kwanta."

Gambo ya ce bai taɓa ganin abu irin wannan ba, tsofaffi biyu zaune a tabarma ɗaya suna kuka, kowanne ya san watakila ɗan ɗayan ne ya kashe nasa. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Da suka gama, Shu'ibu ya shiga gida ya ɗauko sandarsa. Matarsa ta biyo shi tana cewa kashe shi za a yi a Haɗejiya. Ya ce mata, "Yarinyar nan ni na zubar mata da jinin farko. In ban je ba, me zan gaya wa Allah?"

Ranar da suka iso, ruwa ya riga ya fara barin ciyawa, bafataken har ya fara ɗaure kaya. Zauren alƙali ya cika ya batse, an zo ganin mutumin ƙetare. Aka zaunar da Gumsu a gefe, an lulluɓe mata fuska. Alƙali ya ce wa Shu'ibu ya faɗi abin da ke fuskar kafin a buɗe.

Shu'ibu ya ce, "Allah ya gafarta malam, layi huɗu ne a kowane kunci. Amma a duba na hagu, layi na uku ya katse a tsakiya, ya ɗan goce sannan ya ci gaba. Ban taɓa ɓata aiki ba sai ranar nan, kuma ba laifina ba ne. Wannan bahagon ne ya tsaya a kaina yana numfashi kamar sa, ina cikin ja ya daka mini tsawa wai in yi a hankali. Hannuna ya zabura. Shekara goma sha takwas ke nan ina jin haushinsa."

Mutane suka fashe da dariya. Aka yaye lulluɓin, sai dariyar ta tsaya. Layin yana nan, a katse a tsakiya, ya goce kamar yadda ya faɗa. Gumsu ta kai yatsa ta shafa wurin. Ta ce tun tana ƙarama take taɓa shi tana mamakin abin da ya same shi. Ta dubi Umara ta ce, "Ashe kai ne." Ni dai alƙalamina sai da na tsoma shi sau uku kafin in iya rubuta layin farko.

Da a nan labarin ya ƙare, da na fi kowa jin daɗin ba da shi. Amma da aka fito, Umara na riƙe da hannun 'yarsa yana ta godiya, Shu'ibu ya ja shi gefe, ina tsaye kusa ina ji.

"Bahago, daga ƙofar gari zuwa zauren nan na ga tsagar hannuna sau tara. Wata na daka, wata na ɗauke da itace, wani na ba doki ciyawa. Duk 'ya'yan garinmu ne, na san iyayensu."

Mu nan kullum muna lissafin abin da aka kwashe mana. Ba mu taɓa zama mun yi lissafin abin da namu mayaƙan suka kwaso ba. Umara ya juya ya komar da Shu'ibu gaban alƙali, aka sa na rubuta sunayen taran nan da na iyayensu. Alƙali ya ce shaida ɗaya ba ta isa ya tilasta kowa ba, sai dai wanda ya ji tsoron Allah ya saki don kansa. Washegari Umara da kansa ya raka Shu'ibu har bakin ruwa.

Tun daga ranar ya ɗauki aikin da ya fi na farko wuya. Da can baƙi yake tsarewa a zango. Yanzu ƙofofin mutanen gari yake bi, mutanen da yake yi wa aski, waɗanda suka yi masa barka da samun 'yarsa. An ce masa maci amana. An ce ya manta da Mala. Ya ce, "Don na tuna da shi ne nake yi."

Wata rana da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana. Na yi murna, na sa aka kawo masa ruwa. Yakaka ce ta kawo, wata yarinya da wani ɗan'uwana ya ba iyalina bayan ya dawo daga yaƙi, shekara takwas tana gidana. Ta durƙusa ta miƙa masa ƙwarya. Bai sha ba. Ya dube ta, ya dube ni.

"Malam, kai ka rubuta sunayen nan tara. Ta shida, Yakaka 'yar liman. Ka ɗauka wata Yakakar ce?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sau arba'in da huɗu na rubuta da hannuna cewa wane ɗa ne, wance ɗiya ce, ina jin kaina mutumin kirki. Shekara takwas yarinyar nan tana miƙo mini ruwan alwala, ban taɓa ɗaga ido na dubi kumatunta ba. Ban ma so in duba ba, wannan ita ce gaskiyar. A cikin makon Gambo ya haye da ita. Da ya dawo, ya zo da yara biyu namu da Shu'ibu ya roƙo a can.

Shida cikin tara sun koma gida. Uku sun rage, kuma masu riƙe da su sun san kansu. Yaƙi bai ƙare ba, ko a watan jiya an ƙone rumbuna a gefen Guri, an kuma rufe mashigi. Umara yanzu yana zaune a ƙofar gida, Gumsu na dama masa fura, tana yi masa faɗa in ya ƙi sha. Na je na tambaye shi me yake so mutanen gari su yi masa na sallama, riga ko rawani. Ya ce, "Ina zan kai rawani da wannan kan? A ba ni ukun nan tun idona na iya rarrabe su."

Mun gode, Umara. Mun gode a madadin iyaye arba'in da huɗu, da wasu shida a ƙetare da ba su taɓa ganinka ba. Allah ya jiƙan Mala da waɗanda suka tsaya tare da shi a mashigi. Allah ya jiƙan Abubakar ɗan Shu'ibu, shi ma ɗan wani ne. Ya Allah, ka kashe wutar nan, ka sanyaya zukatan masu hura ta a kowace gaɓa, ka kawo ranar da za a haye kogin nan don zuwa suna da biki kawai.

Ku kuma da aka karanta muku wannan, ba na ce ku hau gora ku ratsa fadama ba, wannan sai Umara. Abu kaɗan nake roƙo. In kun koma gida yau aka miƙo muku ruwa, ku ɗaga ido ku dubi fuskar wadda ta miƙo.